Buhun Takalman Hagu

Tun ranar Laraba Labiba ta kasa cin abinci. A ranar ne ɗanta Fa'izu ya shigo gida yana juya makullin kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, a yatsa, baki har kunne. Alhaji Abdulƙahar, wanda ya fi kowa safarar dabbobi a Zongon Kwatano, ya ba shi mota bayan shekarun da ya yi yana bin wasu direbobi. Motoci uku za su tashi ranar Juma'a da an sauko daga masallaci, su ɗebo raguna a arewa kafin layya ta tayar da farashi.

"Ta wace hanya?" in ji ubansa Arzika daga kan tabarma.

"Gudoro har Kandi, Baba. Daga nan mu yanke ta Gajeriya."

Arzika ya ajiye kofin shayinsa a ƙasa. Labiba kuwa ludayin da ke hannunta ne ya faɗa cikin tukunya.

Gajeriya suna ne da direbobi suka raɗa wa wata hanyar daji da ke barin gudoro, wato titin kwalta, ta ratsa ƙauyukan makiyaya. Babu shingen bincike a kanta, dabbobi kuma sun yi araha a can, don mutanen wurin tsoro ya sa suna sayarwa suna gudu. A kan hanyar ce ƙafar Arzika ta hagu ta tafi, shekara biyu da suka wuce. Ka tambayi kowa a Zongo, zai ce maka taya ce ta fashe mota ta kife da shi. Ƙarya ce. Nakiya ce aka binne a tsakiyar hanya, tayar gaba ta taka ta. A gidan nan kowa ya san haka, Alhaji ma ya sani, don shi ya shirya labarin tayar tun Arzika yana kwance a asibiti.

Kada a yi saurin zagin Alhaji, ko da yake ni ma ba ya burge ni. Mu 'yan Zongo muna da wani ciwo da muke ɓoyewa: duk abin da ya fashe a arewa, mu ake juyowa a kalla a Kwatano. Ka ce ka taka nakiya, tambayar farko ita ce me ya kai ka can, wa ka sani, wa ka kai wa gishiri da man fetur. Wani dillali mai suna Kamarou ya taɓa buɗe baki. An tsare shi watanni ana tambaya, aka sake shi babu laifi, amma da ya dawo babu mai son a gan shi yana ciniki da shi, sai da ya tattara ya koma unguwar Ladji yana sayar da ƙanƙara ga masunta. Shi ya sa Arzika ya riƙe labarin taya da hannu biyu. Alhaji kuma ya ba shi kujera a rumfar dillalai, da ita ake ci a gidan.

Ranar Alhamis da hantsi Labiba tana rumfarta ta takalman gwanjo, tana goge kaya ba tare da ta san abin da take gogewa ba, sai ga Karimatou ta sauka daga bayan zemijan, babur ɗin haya, da takardu a hammata. Karimatou 'yar unguwar Sainte-Rita ce, tana aiki a wurin da aka haɗa wa Arzika ƙafar roba, mace mai saurin magana da saurin tafiya.

"Inna, ina kwana. Kina da takalma marasa 'yan'uwa? Waɗanda ke fitowa a dila wari ɗaya?"

"Me za ki yi da su?"

Karimatou ta warware afish guda, babbar takardar sanarwa, ta nuna mata. Gobe ce ranar tunawa da waɗanda nakiya ta raunata a duniya. Ƙungiyarsu ta samu izinin shimfiɗa tabarma a ƙofar masallacin 'yan kara masu cinikin dabbobi, wanda ke kallon tashar manyan motoci. Da an sallame, za a roƙi kowa ya ajiye takalminsa wari ɗaya a kan tabarmar, ya koma gida da wari ɗaya, ya ɗanɗana abin da wasu ke ji kullum. Takalman Labiba za a fara zubawa don kada tabarma ta zama fayau.

"Amma Inna, takalmi ba ya magana," in ji Karimatou, ta rage murya. "Ni na gyara wa Baba ƙafa. Na san raunin da mota ke yi, na san na nakiya. Aikina ya hana ni faɗa. Mutum goma sha wani abu ke zuwa wurinmu daga unguwar nan da kewaye, kowa da labarin tayarsa. In da mutum ɗaya zai tashi ya ce ga abin da ya same ni..."

"Je ki faɗa masa da kanki," Labiba ta ce. "Ni na faɗa har bakina ya gaji."

Da yamma ta tarar da mai gidan a tsakar gida, ya cire ƙafar robar ya jingine ta da bango yana shafa wa dungulmin man kaɗe. Fuskarsa kaɗai ta gaya mata ya je wurin Alhaji.

"Me ya ce, Malam?"

"Ya ce shekara biyu ke nan, hanya ta yi sanyi. Ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa."

"Da yake ba ɗansa ne a gaban mota ba!"

Fa'izu yana gefe yana cusa kaya a jaka. Labiba ta juya kansa, ta roƙe shi, ta haɗa shi da nonon da ya sha. Ya durƙusa a gabanta kamar yadda ya saba, ya saurara har ta gama.

"Inna, in na mayar da makulli, kafin na fita ƙofar Alhaji wani ya ɗauka. Motocin za su tafi ko da ni ko ba ni. Kuma daga ranar ba mai sake ba ni ko amalanke a Zongo. Yaƙubu ne a gaba, ya fi shekara ashirin yana shofer, yana jan kamiyo. Ni bayansa zan bi."

"Yaƙubu ya san abin da ke hanyar?"

Fa'izu ya kalli ubansa, ya sunkuyar da kai. Yaƙubu bai sani ba. Labiba ta taɓa raɗa wa matarsa, matar ta gaya wa mijin, mijin ya zo rumfa ya tambayi Arzika a gaban dillalai, Arzika ya yi dariya ya ce ka san mata da tsoro, taya ce.

"Malam," in ji Labiba, "in direbobin nan suka ji daga bakinka, babu mai bin Gajeriya. Gobe ga taro, ga tabarma, ga lasifika."

"Ga kuma 'yan sanda. Kin manta Kamarou? In aka tafi da ni, me za ku ci? Kuma gobe duk Bahaushen da ya sauko daga arewa a tare shi a ce Arzika ya ce. Baki shi ke yanka wuya, Labiba."

"To in aka kawo maka shi a cikin buhu, me za ka gaya wa masu gaisuwa? Taya ce ta fashe?"

Arzika ya ɗaga hannu kamar zai jefe ta da kwalbar man, sai ya ajiye. Tuwon ranar haka ya kwana a kwano.

Da safen Juma'a hadari ya taso daga wajen teku ya tsaya bai zubar ba, gari ya ɗaure da zafi. Labiba ta durƙusa ta jawo wani buhu daga ƙarƙashin gado. Ƙafar roba takalmi ɗaya ta sani, baƙi, an daidaita ta da shi ba a canzawa. Ƙafar dama kuwa da yake ita ke ɗauke da nauyin mutum duka, tana cin takalmi kamar wuta. Duk dilar da Labiba ta fasa, sai ta zaɓar wa mijinta baƙi mai kyau, ya sa na dama, na hagu ya shiga buhu. Ba ta taɓa iya sayar da su ba, ba ta kuma iya zubarwa. Ta ɗaure bakin buhun ta ɗora a ka. Marasa 'yan'uwan da Karimatou ta roƙa ma ta manta da su a rumfa.

A ƙofar masallaci ta samu wuri wajen masu sayar da fura ta tsaya. Daga nan tana ganin komai. Ga tabarmar Karimatou da 'yan ƙungiyarta su huɗu cikin fararen riguna. Ga 'yan sanda biyu da aka turo saboda taron, sun jingina da motarsu suna fifita da hula. Ga motocin Alhaji uku a tsallaken titi, an wanke su, an jera su hanci na kallon arewa. Ta Fa'izu ce ta ƙarshe. Arzika yana kan bencinsa a bakin rumfar masallaci, inda yake salla a zaune.

Aka sallame. Jama'a suka ɓarke waje, kowa na laluben takalminsa da ƙafa. Karimatou ta ɗaga lasifika, ta yi sallama, ta yi bayanin nakiyoyin da ake binnewa a hanyoyin daji, da yadda ba sa tambayar wa ya taka. Mutane suka ɗan tsaya, don ɗan Zongo ba ya wuce abin kallo. Sai ta zo kan roƙonta: kowa ya bar wari ɗaya, ya tafi gida da wari ɗaya.

Sai gunaguni ya tashi. Wani tsoho mai farin gemu ya ɗaga sandarsa.

"'Yar nan, wa ya aiko ki? Manzon Allah ya hana mutum tafiya da takalmi wari guda! A ƙofar masallaci za ki sa mu saɓa?"

"Haka ne!" aka amsa daga ko'ina.

Karimatou ta daskare da lasifika a baki. Musulma ce ita ma, ta kuma taɓa jin hadisin tana yarinya, amma a ɗakin taron da aka shirya abin babu wanda ya tuna. An yi afish, an ɗinka riguna, an nemi izini a ofis uku, an manta da abin da kowane ɗan makarantar allo zai gaya musu a kyauta. Wasu suka fara dariya, wasu suka saka takalmansu biyu da gangan suna buga su a ƙasa.

Alhaji Abdulƙahar ya fito da babbar rigarsa, ya ga dama ta samu.

"Madam, mun gode, Allah ya saka. Amma wannan abin na wasu ƙasashe ne. Nan 'yan kasuwa ne, ba mu san nakiya ba, nakiya ba ta san mu ba. In akwai wanda ya taɓa taka ta a Zongo, nuna mana shi." Ya juya ya ɗaga wa direbobinsa hannu. "Yaƙubu, bisimilla, rana na yi."

Labiba ta ga ɗanta ya tsallaka titi, ya kama ƙofar mota ya haye. Ta ji injin farko ya tashi, sannan na biyu, sannan na Fa'izu. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ba ta san lokacin da ta kutsa cikin maza ba, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Ta isa tabarmar, ta kwance buhun ta zazzage.

Takalma baƙaƙe suka zubo, duk na hagu, duk girmansu ɗaya, ƙasansu ko ƙura bai taɓa gani ba. Babu wanda ya tambayi na wane ne. Duk idanu suka koma kan benci.

"Ayya, baiwar Allah," in ji Alhaji da murya mai laushi. "Mun san abin da ya sami mijinki. Hatsarin mota ne, Allah ya kiyaye gaba. Ko ba haka ba, Arzika?"

Arzika ya miƙe a hankali. Ya kalli 'yan sandan, waɗanda yanzu sun daina fifita. Ya kalli Alhaji. Bai kalli matarsa ba. Ya juya baya ya fara ɗingisawa zuwa lungun da ke kaiwa gida, Labiba ta ji kamar ta kwanta a wurin ta mutu. A tsallake Yaƙubu ya danna oda sau biyu, motarsa ta fara motsawa.

Arzika ya tsaya. Ya dawo, ba da sauri ba don ba shi da saurin, ya zauna daɓas a matakalar masallaci. Ya naɗe wandonsa na hagu har cinya, ya kwance maɗaurin, ya zare ƙafar robar da takalminta ya wurga ta kan tarin. Sannan ya naɗe na dama. Ƙaurinsa duk ramuka ne da baƙaƙen tabo, kamar garwar da tsatsa ta ci.

"Ba ni abin nan," ya ce wa Karimatou. "Yaƙubu! Tsaya ka ji! Ka tambaye ni a rumfa na yi maka ƙarya. Ba taya ba ce. Nakiya ce, a Gajeriya, bayan busasshen rafi inda hanya ke matsewa. Ban ga komai ba, ƙasa ce lafiyayya kamar wannan. Na farka na ga injin motata a kan itace, shanu a warwatse rabi da rabi. Ƙarfen da ke cikin ƙafar nan har yau bai gama fita ba, mai shakka ya zo ya taɓa. Ban san wa ya binne ba, ban san ko saura nawa ba. Ɗana yana cikin mota ta uku."

Ya sauke lasifikar, ya ƙara da muryarsa kawai, "Kuma ba ni kaɗai ba ne a unguwar nan. Su sun san kansu."

Motar Yaƙubu ta tsaya rabinta a kan titi, 'yan zemijan na zaginsa suna kewayewa. Alhaji ya buɗe baki, sai liman ya riga shi. Dattijo ne marar son hayaniya, ya fito tun ɗazu yana tsaye a bakin ƙofa.

"Gaskiya ne an hana tafiya da wari guda," ya ce. "Amma a ƙarasa hadisin. Cewa aka yi a sa su duka biyu, ko a cire su duka biyu."

Ya sunkuya ya ɗauki takalmansa, ya taka ƙasa mai zafi da tafin ƙafarsa, ya ajiye su a kan tarin. Tsohon nan mai sanda, wanda ya fara tayar da maganar, ya yi 'yan gunaguninsa ya tuɓe nasa shi ma. Daga nan abin ya zama kamar an buɗe famfo. Fatake da dillalai da mahauta, masu sandal da masu sau-ciki, kowa na ajiyewa yana ɗage ƙafa saboda zafin daɓen. Wani mai sayar da goro da kowa ya san injin niƙa ne ya cinye masa hannu ya matso kusa da Karimatou, ya ce a rubuta sunansa cikin waɗanda nakiya ta raunata.

Yaƙubu ya kashe mota ya sauko. Ya tsallako har gaban Alhaji, ya cire hula.

"Alhaji, pardon. In gudoro ne har ƙarshe, ko yanzu mu tafi. In Gajeriya ce, ga makullinka."

Direba na biyu ya biyo shi. Alhaji bai karɓi makullan ba. Ya dubi Arzika ya ce, "Kujerarka ta rumfa, ka aiko a ɗauke." Ya tattara rigarsa ya wuce.

Labiba ba ta ji wannan ba sosai. Kunnenta yana tsallaken titi, inda inji ɗaya bai mutu ba. Tana hango Fa'izu ta gilashi, hannayensa biyu a kan sitiyari, bai sauko ba, bai kuma tafi ba.

'Yan sandan suka matso. Babban cikinsu ya gaida Arzika da ladabi, da 'yar Hausarsa ta kasuwa.

"Baba, abin da ka faɗa, sai ka zo komisariya, ofishinmu, ka sake faɗa. Za a tambaye ka wuri, da rana, da wanda ya aike ka."

"Yau zan dawo?"

"Ban sani ba, Baba. Ba ni ke yankewa ba."

Arzika ya gyaɗa kai. Ya dafa matakala zai tashi, ya manta ƙafarsa na ƙarƙashin takalman mutum ɗari. Ya tafi luu zai faɗi, ɗan sandan ya tare shi.

A lokacin ne injin ya mutu. Fa'izu ya diro, ya tsallako da gudu, ya fizge takalmansa ya jefa ba tare da ya duba inda suka faɗa ba. Ya durƙusa ya juya wa ubansa baya.

"Hau, Baba."

"Kai, a gaban mutane?"

"Hau mana."

Arzika ya rungumi wuyan ɗansa. Fa'izu ya miƙe da shi, ya nufi motar 'yan sanda, jama'a na buɗa musu hanya. Labiba ta zube a kan tarin tana tono da hannu biyu har ta kamo ƙafar robar, ta rungume ta ta bi su. Daɓen na ƙona mata tafin ƙafa, sai a lokacin ta lura ita ma ta tuɓe nata.

Da aka zaunar da shi a bayan motar, ta miƙa masa ƙafar ta taga. Ya karɓa ya ɗora a cinya. Sai yanzu ya kalle ta, idanunsa jajaye.

"To, kin huta?"

"Ban huta ba, Malam," ta ce, hawaye na zuba. "Amma yaron yana nan."

Motar ta tashi. Fa'izu ya tsaya kusa da uwarsa, makullin kamiyo na hannunsa har yanzu, suna kallo har ta sha kwana wajen kasuwa. Sannan ya ce zai je ya ɗebo wa Baba tabarma da butarsa, ko za a kwana.